Wa Ke Buga Guduma a Cikin Bango?

A wani gida a Landan, da sanyin Nuwamba ya shigo, kullum da yamma sai a ji ƙara daga kicin: kwas, kwas, kwas, kamar ana dukan ƙarfe. Kowa ya ɗora laifin a kan boila, irin wadda Turawa ke kira kombi, mai dafa ruwan famfo nan take, kuma ita ce ke tura ruwan zafi zuwa hitocin da ke jikin bangon ɗakuna.

Aka kira mai gyara, amma bai taɓa sukudireba ba tukuna. Ya fara da tambayar lokacin da ƙarar ke tashi. Da a ce tana zuwa ne daidai kunnuwar wuta, to gas ne ke taruwa kafin ya kama, kuma wannan hatsari ne. A Birtaniya doka ba ta yarda kowa ya yi sana'ar gyaran gas ba sai mai rajistar Gas Safe. Aka ce masa wutar lafiya lau take kamawa.

To ko rufe famfo ne? Ruwa mai gudu idan aka datse shi farat ɗaya yakan jijjiga bututu. Aka buɗe, aka rufe, shiru. Mai gyara ya duba agogon matsin ruwa, allura na tsakanin 1 da 1.5, inda ya kamata ta tsaya. Ya sassauta makullin iska na kowace hita, ruwa ne ya fito, ba iska ba.

Saura babban abin zargi. Ruwan Landan na ɗauke da alli da yawa, wanda kan daskare a cikin boila ya toshe hanya, har ruwa ya riƙa tafasa yana gurnani. Sai dai gurnani daban, bugu daban. Ga shi kuma ko an daɗe ana wanka da ruwan zafi ba a jin komai.

Matar gidan ce ta kawo bakin zaren ba tare da ta sani ba. Ta ce ƙarar ba ta farawa sai ɗakin yara ya yi ɗumi, kuma da bazara aka sa wa ɗakin sabuwar hita. Mai gyara ya hau sama, ya murɗa bawul ɗin hitar har ƙarshe. Nan take bugun ya tsaya.

Wannan bawul yana rufe kansa ne a hankali idan ɗaki ya ɗumama. A jikinsa akwai kibiya mai nuna inda ruwa zai bi, amma an ɗaura shi a baibai. Da ya kusa rufewa sai ruwa ya banka shi, ya sake buɗewa, ya sake bankawa, bututun jan ƙarfe kuma ya kai amon har kicin.

Aka sauya shi da bawul mai karɓar ruwa ta kowane ɓangare. Boilar da maigidan ya fara tambayar kuɗin sabuwa, ko murfinta ba a buɗe ba.