Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

Tun shekarar 1969, lokacin da annobar jan ido ta ɓarke a ƙasar Gana aka laƙaba mata sunan kumbon Afolo, jama'a suka saba kiran kowane jan ido da wannan suna. Amma akwai wani wanda ya fi Afolo haɗari nesa ba kusa ba, wato kumburin zoben ido.

Zoben ido, wanda masana ke kira airis, shi ne faifan nan mai launi da ya kewaye ƙofar da haske ke bi ya shiga ido. Tsokokinsa ne ke tsuke ƙofar cikin rana, su buɗe ta cikin duhu. Idan ya kumbura, sai fararen ƙwayoyin jini su tsiyayo cikin ruwan garau da ke gaban ido. Likita kan hango su da na'urarsa suna yawo tamkar ƙura cikin hasken da ya ratso taga.

Afolo kan zo da ƙaiƙayi da kwantsa, yana kuma yaɗuwa. Kumburin zoben ido kuwa ciwo ne mai zugi, sau da yawa a ido ɗaya. Jan yakan taru a gefen baƙin ido, gani ya dushe, haske ya zama azaba. Ko lafiyayyen idon aka haska, mai ciwon yakan amsa, domin zoben idanun biyu tare suke motsi.

Sau da yawa garkuwar jiki ce ke juyowa kan ido, musamman ga masu amosanin gaɓɓai da ke sandarar da ƙashin baya. Tarin fuka, tunjere, kuturta da duka a ido su ma sukan jawo shi.

Idan aka yi sakaci, zoben yakan manne da madubin da ke bayansa, ruwan ido ya rasa hanyar wucewa. Daga nan sai hawan jinin ido, ko yana, har makanta. Maganinsa ɗigo iri biyu ne: mai kwantar da kumburi, da mai buɗe ƙofar haske don hana mannewa. Sai dai na farkon yana iya lalata ido idan gyambo ne a tantaninsa, saboda haka ba a sayensa a kemis da ka.

Ɗalibin da idonsa ya yi ja, yana zugi, yana gudun haske, asibitin ido ya kamata a kai shi a ranar.