Daga Fatar Akuya Zuwa Kambas: Labarin Abin Da Ke Ƙafarmu

Da zarar sallah ta ƙarato, hirarmu a bakin aji, daga Kibiya har Rano, ba ta wuce ta takalmi. Wani ma sai ya fasa yawon sallah, wai don nasa ɗinkin gida ne, yana gudun dariyar abokai. To, kafin mu raina na gida, mu ɗan waiwayi tarihi.

A shekarar 1851, wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya zo Kano. Ya rubuta cewa takalman da dukawa ke ɗinkawa suna cikin manyan kayan da fatake ke fita da su daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. Jemammiyar fatar jar akuya kuwa, raƙuma ke ƙetare Sahara da ita, ta bi ta Arewacin Afirka ta shiga Turai, inda aka laƙaba mata suna fatar Maroko.

Kambas ɗin da muke rububi, roba ce ta haife shi. A 1844 Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta, don kada zafi ya narkar da ita. Daga nan aka samu tafin takalmi mai laushi da ƙarko. A 1917 kamfanin Converse ya fitar da All Star domin 'yan ƙwallon kwando. A Jamus, wasu 'yan'uwa biyu, Rudolf da Adolf Dassler, suka ɓata, kowa ya kama gabansa: Puma da Adidas ke nan. Da Nike ya fito da Air Jordan a 1985, sai takalmin wasa ya ƙara zama kayan gayu a titi.

Har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna tura fata zuwa Italiya, inda ake ɗinka takalma masu tsadar gaske. Ke nan, wataƙila fatar akuyar da aka yanka a ƙauyenmu tana can a ƙafar wani attajiri a Turai.

Saboda haka, idan za mu sayi takalmi, mu duba ɗinki da ƙarfin tafi kafin mu duba tambari, domin jabu ya cika kasuwa. Wanda kuma ya sako ɗinkin dukawan Ƙofar Wambai ranar sallah, ya taka ƙasa da ƙarfinsa.