Dawakai Nawa Suka Rage a Injin? Lissafin Ƙara wa Tsohuwar Mota Ƙarfi

"Motar ba ta ja." Wannan ne ƙorafin da kanikawan Gusau suka fi ji daga direbobin Golf masu lodin Tsafe da Funtuwa, ko masu bin hanyar Bungudu zuwa Talatar Mafara. Dalilin neman ƙarfin ba ɓoyayye ba ne, domin kowa yana son ya ratsa daji da sauran rana. Magungunan da ake kawowa su ma sanannu ne: a ɗora babban injin Beljiyam, a faɗaɗa silinda, a cire indomi (matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa), ko a huda salansa. Kowanne yana da alƙaluminsa, kuma idan aka jera su za a ga inda kuɗi ke aiki da inda yake zubewa.

Doki 116, kilo 960

Ƙarfin doki ɗaya ya kai kimanin wat 740, wato kusan abin da ƙaramin janaretan shago ke bayarwa. Sai dai yawan dawakai kaɗai ba ya faɗin yadda mota za ta ja, sai an raba shi da nauyin da suke ɗauke da shi.

Misalin da masu harkar motoci a duniya suka fi kawowa shi ne Mazda MX-5, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda kamfanin Mazda na Japan ya fitar a 1989. Injinta lita 1.6 ne mai doki 116, ba wani abin a zo a gani ba. Sirrinta nauyi ne, kilo 960 kacal. Idan direba mai kilo 65 ya zauna, kowane tan guda na nauyi yana samun doki 113. Masu ƙera ta sun ɗauki darasi daga Lotus Elan ta Ingila, ta 1962, wadda nauyinta bai kai kilo 700 ba. Zuwa 2016 an ƙera MX-5 miliyan guda, shi ya sa tsofaffinta suka zama abin gwajin masu son ƙarin ƙarfi da kuɗi kaɗan a Amurka da Turai.

Daga 77 zuwa 51

Mu dawo kan Golf 3, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1991. Mai injin lita 1.8 tana da doki 90, nauyinta kuma wajen kilo 1,100. Da direba shi kaɗai, doki 77 ke jan kowane tan.

To, a tasha ba haka take tashi ba. Fasinja huɗu a baya, biyu a gaba, ga direba: mutum bakwai, idan aka ƙaddara kowa kilo 65, kilo 455 ke nan. A but kuma buhun masara biyu, murfin a ɗage an ɗaure shi da igiyar roba, ƙarin kilo 200. Jimla kilo 1,755. Yanzu kowane tan doki 51 yake samu. Kashi ɗaya cikin uku na jan motar ya tafi alhali ba abin da ya lalace a inji.

Sauke buhunan biyu kaɗai yana mayar da adadin zuwa 58, daidai da a ce an ƙara wa injin doki 11 ko 12 kyauta. Gaskiya ne, kuɗin buhunan nan ne ke cike kuɗin mai, musamman tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Amma direba ya san cewa abin da yake kira raunin inji sau da yawa lodi ne.

Kashi 8 na iska

Doki 90 ɗin da ke rubuce a takarda an auna shi ne bisa ƙa'idar Jamus, a zafin digiri 20 da matsin iska irin na bakin teku. Gusau tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 450, inda matsin iska ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100. A watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 40, wani kashi 3 ya sake tafiya, domin iska mai zafi ba ta da kauri. Inji kuwa da iska yake ƙona mai. Saboda haka lafiyayyen inji mai doki 90, da tsakar ranar bazara a hanyar Kwatarkwashi, doki 83 yake bayarwa. Da cikakken lodi, doki 47 ga kowane tan. Wannan asara ba bakaniken da zai iya maido ta da sufana.

Rabin milimita, doki ɗaya

Faɗaɗa silinda shi ne aikin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Faɗin silindar injin 1.8 milimita 81 ne, tafiyar fistin kuma milimita 86.4, jimlar silinda huɗu cc 1,781. Idan aka sare rabin milimita aka sa fistin mai girma, sai ya zama cc 1,803. Ƙarin cc 22 ne, kashi 1.2 cikin 100, doki ɗaya tak.

Me ya sa direba ke rantsuwa cewa motar ta canza bayan aikin? Domin sabon ringi ya toshe inda matsi ke zurarewa. Dawakan da ya ji sun dawo nasa ne tun asali, tsufa ne ya kore su. Idan inji yana hayaƙi yana shan baƙin mai, aikin ya cancanci kuɗinsa. Idan matsinsa lafiya lau, asara ce.

Huda salansa kuwa ƙara yake ƙarawa, kunne ya ɗauka gudu ne. Cire indomi yana taimakawa ne kawai idan ya toshe. Mayar da mota mai injekta zuwa kafireto, wanda ya zama ruwan dare, yana sauƙaƙa gyara a ƙauyen da babu na'urar gwaji, amma ba ya ƙara doki, kuma yakan ƙara shan mai.

Doki 115, ko rabin ba na tabo

Ɗora injin lita 2.0 na Golf GTI, irin wanda ake nema a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, shi ne ƙari na gaske: daga 90 zuwa 115, kashi 28 cikin 100. Amma a duba sakamakon. Da lodin nan na kilo 1,755, kowane tan zai sami doki 66, har yanzu ƙasa da 77 na ƙaramin injin da bai ɗauki kaya ba.

Ga kuma batun gudu. Ƙarfin da mota ke buƙata don ta keta iska yana hauhawa da gudu sau uku a jere: ƙarin gudu kashi 10 yana neman ƙarin ƙarfi kashi 33. Shi ya sa mai doki 90 ke kai wajen kilomita 180 a awa, GTI mai doki 115 kuma ba ta cika 200 ba.

Masu MX-5 a ƙasashen waje tabo suke sawa, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Matsin rabin ba (ba ma'aunin matsin iska ne) yana cusa wa inji ƙarin rabin iskar da ya saba shaƙa, a takarda ƙarin ƙarfi kashi 50, a zahiri ƙasa da haka saboda zafi. Sun yi sa'a injin nasu ya samo asali daga na Mazda 323 mai tabo, har da bututun da ke fesa wa fistin mai daga ƙasa don sanyaya shi. Duk da haka sai sun sayi na'urar sanyaya iska, manyan injekta, sabon kuloci da kwamfutar da za a saita, sannan su zuba fetur mai babbar lambar okten. Tsohon injin da aka cire wa tamostat aka haɗa fankarsa kai tsaye, yana fama da zafin Zamfara, idan aka sa masa tabo gaskit ɗinsa ne zai fara biyan bashin.

Minti 5 da mita 25

A ce ƙarfin ya samu. Tafiyar kilomita 50 a gudun 100 minti 30 ce, a gudun 120 minti 25. Ribar minti 5 ke nan. Nisan da birki ke buƙata kuwa yana tafiya da ninkin gudu a kansa: da taya mai kyau a busasshiyar kwalta, kimanin mita 56 a gudun 100, mita 81 a gudun 120. Ƙarin mita 25, tsawon motoci shida, kafin a lissafa sakan ɗin da ƙafa ke ɗauka ta kai ga birki. Da sulɓaɓɓiyar taya da mutum bakwai a ciki, lissafin ya fi haka muni. Dokar hanya ta ƙasa ta tsayar wa motocin haya kilomita 80 a babbar hanya, kuma tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin kasuwa.

Inda kuɗi kaɗan ke aiki

Wani gwaji da cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta yi a 2009 ya nuna cewa canza toshasshiyar matatar iska yana inganta tashin mota mai injekta da kashi 6 zuwa 11. Wanda ya taɓa buɗe akwatin matata bayan hunturu ya ga jar ƙura ta daskare a kanta ya san motocinmu sun fi na gwajin buƙatar haka. Doki ɗaya na faɗaɗa silinda bai kama ƙafar wannan ba.

Don haka mai ƙaramin jari ya bi wannan jeri. Ya fara da awon matsin silinda huɗu, ya san halin injin. Sai matatar iska da ta mai, filogi da wayoyinsu, da saita lokacin wuta. Sai a wanke lagireto a mayar da tamostat. Sai iskar taya, da duba birkin da ke riƙewa yana cin ƙarfi a ɓoye. Bayan nan taya da takalmin birki. Idan an gama wannan duka kuɗi ya rage, kuma lodin ba zai ragu ba, a nan ne maganar babban inji ke da ma'ana, tare da birkin da ya dace da shi.