Gargaɗi Ga Mutanenmu Na Baiyun: Teku Ba Tiga Ba Ne

Tun da watan Yuni ya kama, saƙo iri ɗaya ke yawo a zaurukan WeChat na mutanenmu da ke Guangzhou: ana haɗa kuɗin mota, za a je bakin teku ranar Asabar, mai so ya sa sunansa. A zaure ɗaya na ƙirga sunaye sun haura ashirin, har da na yaran da ba su cika wata uku da sauka a filin jirgin Baiyun ba. Shi ya sa na ture lissafin kaya gefe, don akwai maganar da ya kamata a ji kafin motar ta tashi.

Ban ga laifin mai son fita ba. Duk wanda ya yi Yuli da Agusta a unguwar Sanyuanli ta Baiyun ya san halin da ake ciki. Zafin Kano, in ya dame ka, ka raɓa gindin darbejiya ka sarara. Na nan kuwa jiƙaƙƙe ne, ko inuwa ba ta maganinsa. Ka fito wanka ka sa riga, kafin ka kai bakin titi ta manne maka a baya. Mutum ya wuni yana hawa da sauka a benayen kasuwar jakunkuna da takalma, yana ciniki da kalkuleta, dare ya yi ya koma ɗaki mai faɗin tabarma biyu a lungun da rana ba ta leƙawa. Baiyun kuma ba shi da teku. Dutse gare shi mai tsawon mita 382, wanda ya ba gundumar sunanta na farin gajimare, sai kogin Liuxi. Mai son teku dole ya yi tafiya: wasu Dameisha a Shenzhen, wasu Xunliao a Huizhou, wasu kuma, kamar masu motar Asabar ɗin nan, Zhapo da ke tsibirin Hailing a ƙasar Yangjiang, tafiyar awa uku zuwa huɗu yamma da mu.

Yangjiang ba baƙon suna ba ne ga mai saro wuƙaƙe da almakashi, don can ne gidansu. Zhapo kuwa asalinsa garin masunta ne, kuma har yau yana cikin manyan tashoshin su na lardin Guangdong. A da akwai mutanen da ake kira Danjia, waɗanda a cikin jirgi ake haifarsu, a ciki suke aure, a ciki suke tsufa. Daga baya aka haɗa tsibirin da tudu, aka gina otal-otal, yashin Dajiaowan ya zama wurin da mutanen birni ke kwarara idan makarantu sun yi hutu. Daga 1 ga Mayu zuwa 16 ga Agusta gwamnati kan hana manyan jirage fita su don kifi ya hayayyafa, sai ka tarar da tashar a cunkushe da jirage a ɗaure, masunta na gyaran koma. Ranar da aka ɗage hanin kuwa biki ake yi na gaske, jirage su fita a jere da tutoci. Gari ne mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Gasasshen kifinsu kaɗai ya isa ya sa a koma, in dai ka tsaya a kan mai dafawa ka tabbatar da irin man da ya zuba.

Akwai wani abu a tsibirin da nake so kowane ɗan kasuwa ya gani kafin ya sa ƙafa a ruwa. A bakin dogon yashin Shili Yintan an gina gidan tarihi musamman saboda jirgi guda, Nanhai na Ɗaya. Jirgin fatake ne na zamanin daular Song ta Kudu, wadda ta yi mulki daga 1127 zuwa 1279. Ya yi lodi ya nufi kasuwannin ƙetare, teku ya haɗiye shi a kusa da wannan gaɓa. A 1987 aka gano shi, a Disambar 2007 aka ɗago shi ɗungurungum da lakar da ke jikinsa a cikin wani ƙaton akwatin ƙarfe, kuma abin da aka tono daga cikinsa ya haura guda 180,000, yawanci tangaran, ga kuma ƙarfe tan-tan. Na tsaya a bayan gilashi ina kallon kwanuka a jere, ɗaya cikin ɗaya, yadda muke shirya kaya don kada a bar gurbi a kwantena. Wani ya biya kuɗin kayan nan, wani kuma ya yi ta zuba ido a wata tasha har ya haƙura. Matuƙan jirgin nan a ruwa suka tashi, sun fi kowannenmu sanin teku nesa ba kusa ba.

Mu fa? Gwaninmu shi ne wanda ya yi iyo a Tiga ko Challawa, ko a gulbi da damina, ko a kududdufin bayan gari. Na taɓa zuwa Zhapo da irin wannan gwani, wani yaro da ke taya ni tattara kaya, ɗan wajen Bebeji. Mu tara ne. Da muka ga cunkoson wurin da ake biyan kuɗin shiga, ga mutane kusan tsirara, ga masu ɗaga waya suna ɗaukar baƙar fata hoto ba sallama, sai babbanmu ya ce mu matsa gaba inda babu kowa. Muka yi ta tafiya har muka daina jin usur ɗin masu ceto. Na ce wa yaron ya tsaya iya gwiwa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ni fa a ruwa na girma." Ya duba hagu da dama inda igiyoyi ke fashewa da farin kumfa, ya zaɓi wani wuri a tsakiya da ruwan ya kwanta luf, ya shiga.

Sunkuyawa kawai na yi in ɗaure wayoyinmu a leda. Da na ɗago, kansa ya koma kamar ƙwallon goruba can nesa. Yana ta sara ruwa da hannu yana fuskantar mu, amma baya yake yi. Bai yi ihu ba, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai: mai nutsewa ba shi da numfashin da zai yi ihu da shi. Biyu daga cikinmu suka fara cire riga za su bi shi. Wani tsoho da ke gyaran koma a kan yashi ya daka musu tsawa da yarensu, ya tare su da hannu, ya ƙwala wa wani mai ƙaramin jirgin inji kira. Da aka jawo yaron ya yi ta aman ruwan gishiri, idonsa jawur. Tsohon bai yi mana faɗa ba. Tsugunawa ya yi ya ja layi biyu da yatsa a kan yashi suna shigowa gaɓa, sannan ya ja ɗaya a tsakiyarsu yana komawa teku, ya dangwala yatsa a kai sau uku yana kallonmu.

Abin da ya zana, Sinawa na kiransa li-an-liu, wato ruwan da ke barin gaɓa. Igiyoyi suna ta turo ruwa bakin yashi, ruwan kuma dole ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya ɓalle ta wani kwararo inda ƙasan ya fi zurfi. Saboda zurfin, igiya ba ta fashewa a wurin, shi ya sa yake kama da wurin da ya fi lafiya. Kallon kitse ake yi wa rogo. Mai ƙarfinsa yakan kai gudun mita biyu da rabi a daƙiƙa, abin da ko zakaran ninkaya na duniya ba ya yi. Ba ya danna mutum ƙasa, fita da shi yake yi, kuma gajiya da firgici ne ke ƙarasa wanda ya ce sai ya yi kokawa da shi. Sau da yawa faɗinsa bai kai tsawon filin ƙwallo ba, ko kusa. Wanda ya tsinci kansa a ciki ya kwanta rigingine ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in yana da sauran ƙarfi ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga kwararon. Na tudu kuma kada ya faɗa. Ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce ko akwatin ƙanƙara, ya yi ta ihun "jiu ming", ma'ana a kawo ceto.

Kada wani ya ɗauka labarin yaro guda ne. Ranar 14 ga Agustan 2021, a wani bakin teku na gundumar Zhangpu da ke lardin Fujian, maƙwabcin Guangdong, ruwa ya ja mutum 17 a lokaci guda, 11 suka rasu. Wurin ba wurin wanka ba ne da hukuma ta ware. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a faɗin duniya.

Abin da ya fi damuna shi ne kyawawan ɗabi'unmu su ne ke kai mu inda haɗarin yake. Kunya ke sa mu guje wa jama'a, kuma inda jama'a suke nan masu ceto suke. Sutura ke sa mu shiga da dogon wando da jallabiya, mata da hijabi da abaya, kuma yadi in ya sha ruwa nauyin dutse yake yi, ya naɗe ƙafa. Sai kuma son shiga da yamma liƙis, rana ta yi sanyi, masu ceto sun naɗe tutocinsu. Ba cewa nake a tuɓe ba. Mai son sutura ya sayi matsattsun kayan iyo masu rufe jiki, suna nan jibge a kasuwannin da muke wuni a ciki, ya ɗora rigar ceto a kai, ya tsaya cikin igiyar da aka kewaye wurin wanka da ita. 

Sannan ga guguwa. Wanda ya daɗe a nan ya lura: ranar da zafi ya fi tsanani a Guangzhou, sama tas, iska ta ɗauke ɗif, sau da yawa ranar ce guguwar teku take can wajen Filifin tana tahowa. Ranar da jiki ya fi matsa maka ka je ruwa ke nan, alhali manyan igiyoyinta sun riga ta isowa gaɓa da kwana ɗaya ko biyu. A Satumbar 2018 guguwar Mangkhut ta sauka a Taishan. Ranar 24 ga Satumbar 2025 guguwar Ragasa ta sauka a kan tsibirin Hailing ɗin kansa, bayan an kwashe mutum kusan miliyan biyu a lardin. Gargaɗin hukuma launi-launi ne, daga fari da shuɗi zuwa rawaya, ruwan lemo, ja, kuma yana shigowa wayar kowa, mu ne dai muke share shi don da rubutun Sinanci yake zuwa. In ka ga saƙon, tura wa tafintanka. In aka rufe bakin teku, kada direba ya ce ya san wani lungu da babu mai tsaro.

Akwai maganar da ba a son yi a fili, amma zan yi ta. Wasu daga cikin masu zaɓar lungu, takardunsu ne suka ƙare, suna gudun inda za a ce su nuna fasfo. Kuma na san in abu ya faru, akwai wanda zai tsaya yana juya waya a hannu, yana tunanin abin da zai biyo baya in 'yan sanda suka zo. Dokar da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kan kowace rana da aka zarce, ba ta wuce 10,000, ko kuma tsarewar kwana 5 zuwa 15. Abu ne mai ciwo, amma ana biya, ana fitowa, ko an mayar da mutum gida da ƙafarsa zai sauka a Kano. Wanda kuwa ya taɓa zama a taron karo-karon kuɗin gawa a garin nan, ya ga yadda ake jiran takardu kwana da kwanaki, ya ji muryar uwa a waya tana tambaya ko an yi wa ɗanta sutura, ba zai haɗa biyun ba. Idan an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma ba a ce ka kai masa kanka ba.

Alhazai masu gidajen kago da iyayen gidan yaran nan, ku kuka kawo su, ku iyayensu suka sani. Kada motar da za ta tashi babu babba a ciki wanda aikinsa kawai ya zauna a tudu yana ƙirga kawuna. Wanda aka ciro daga ruwa, ko ya miƙe ya ce ya warware, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan awanni. Shugabannin al'ummarmu kuma, don Allah a faɗi wannan ranar Juma'a a harabar masallacin Xianxian, lokacin da ake tsaitsaye ana gaisawa bayan an idar, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, don 'yan'uwanmu na Maraɗi da Yamai su ma su ji. Kafin Asabar kowa ya adana lambobin nan a wayarsa: 110 'yan sanda, 120 motar asibiti, 12395 masu ceto a teku.