Abin da kwamfailarka ta karɓa ba lallai ne ya zama ƙa'ida ba

Yau hirar tamu ta masu koyon C da C++ ce, musamman ɗaliban da ke shirin miƙa aikin ƙarshen zango. Akwai maganar da na gaji da ji a bakin matasa: "Ai ya yi aiki a kwamfutata." To, ina so mu ga dalilin da ya sa wannan magana ba ta isa hujja ba.

Mu fara da misali. Kana son tebur na lambobi mai layuka da ginshiƙai, amma ba ka san girmansa ba sai mai amfani da manhajar ya shigar. Sai ka karɓi n da m, ka rubuta double a[n][m]. Ka ba g++, ta karɓa, ba ko tari. Ka tura wa abokinka mai Visual Studio, tasa kwamfailar ta ƙi sam. Wa ke da gaskiya? Ta Microsoft ce ke kan ƙa'ida, domin har yau ƙa'idar C++ ba ta amince da jerin da sai manhaja tana gudana ake sanin girmansa ba.

Kwamfaila dai tafinta ce, tana juya rubutunka zuwa yaren da na'ura ke ji. C da C++ kowanne yana da ƙa'idarsa a rubuce, wadda hukumar ISO ke fitarwa. Amma masu ƙera kwamfaila sukan ƙara wasu abubuwa daga aljihunsu. Kamar gyara ce a kasuwa: mai tumatir ya ƙara maka biyu don jin daɗin ciniki, amma ba za ka je rumfar gaba ka ce dole a ba ka ba. GCC da Clang suna ba da wannan gyarar a C++, MSVC ba ta bayarwa.

A yaren C kuwa labarin ya ɗan bambanta. Ƙa'idar 1999, wato C99, ita ta shigo da irin wannan jeri, ana kiransa VLA. Da ƙa'idar 2011 ta fito, sai aka mayar da shi ganin dama: kwamfaila ta so ta goyi baya, ta so ta bari. Ka ga ko a gidansu ma ba shi da tabbataccen wurin zama.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Jerin VLA yakan zauna ne a wani ɗan ƙaramin sashe na ma'ajiyar kwamfuta da ake kira sitak. A Linux yawanci megabayit 8 ne, a Windows kuwa megabayit 1. Mu yi lissafi tare. Kowace lambar double tana cin bayit 8. Tebur mai layi 2000 da ginshiƙi 2000 lambobi miliyan 4 ke nan, wato bayit miliyan 32. Ina za su shiga? Manhajar za ta faɗi warwas, kuma ba ta da hanyar sanar da kai tun da wuri cewa wuri bai isa ba. Idan kuma wani baƙo ne ke shigar da n ta intanet, ka miƙa masa makamin kashe manhajarka da hannunka. Ba don wasa ba masu kula da cibiyar Linux suka bi suka tsince VLA kaf daga cikinta, aikin da suka kammala a 2018 da fitowar siga ta 4.20.

To mene ne mafita? A C++, ɗauki std::vector guda ɗaya mai girman n*m. Idan kana neman layi na i, ginshiƙi na j, sai ka je a[i*m + j]. Dalili kuwa, ita ma'ajiyar kwamfuta layi ɗaya ce miƙaƙƙe, tebur ɗin a tunaninmu kawai yake. Kana tsallake layuka i, kowanne mai gurbi m, sannan ka ƙara taku j. Shi vector yana karɓo wuri daga babban sashen ma'ajiya, ya kuma mayar da kansa in ya gama. A C kuma malloc za ka kira, ka duba ko ta dawo da NULL kafin ka taɓa komai, sannan kar ka manta da free.

Sai ɗabi'a ɗaya da nake roƙon ku ɗauka daga yau. Duk lokacin da za ku haɗa manhaja, ku faɗa wa kwamfaila ƙa'idar da kuke bi, misali -std=c++17, ku ƙara -Wall da -pedantic. Nan take za ta nuna muku inda kuka dogara da gyara. Akwai ma -Wvla don wannan matsalar kaɗai.

Ban ce ƙarin kwamfaila haramun ba ne fa. Ita kanta Linux cike take da ƙare-ƙaren GCC, amma da saninsu suka zaɓa. Kai ma in za ka yi amfani da shi, ka san ƙari ne, ka rubuta hakan a saman fayil ɗinka saboda wanda zai gaji aikin.

Ku gwada lissafin 2000 ɗin nan a kwamfutocinku, da VLA da kuma vector, ku faɗa min abin da kuka gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.