Ƙwayar Alkama da Adadin da Ya Gagari Rumbun Sarki

Manomin alkama na Kadawa ko Bunkure, wanda ruwan madatsar Tiga ke iske shi har bakin gonarsa tun bayan da aka kammala ta a 1974, ya san yadda ƙwaya guda take zama zangarniya, don haka shi ya fi cancanta a kawo wa mas'alar hisabin nan da Ibn Khallikan ya ruwaito cikin Wafayatul A'ayan a ƙarni na 13.

Wani mai hikima na ƙasar Hindu, in ji riwayar, ya ƙago wa sarkinsu wasan shaɗaranji mai gida 64, da aka ce ya faɗi tukwicinsa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, ba kuwa za mu ga wautarsa ba, domin abin da ke gida na 21, ko da yake ya haura ƙwaya miliyan, bai cika buhu ɗaya irin na kasuwar Kura ba. Amma jimlar duka ita ce 18,446,744,073,709,551,615, alkamar da sai duniya ta yi wajen shekara dubu tana noma irin na yau kafin ta tara ta.

A ganina ɗabi'ar adadin ta fi girmansa ban mamaki. Kowane gida ya ɗara jimlar gidajen da suka gabace shi da ƙwaya ɗaya tak. Adadin wuturi ne, ba shafa'i ba. Da malami zai raba shi gado tsakanin 'yan'uwa maza 3, ko 5, ko 17, da kowa ya sami rabonsa cif, alhali in su 2 ne ko 7, lalle ƙwaya ɗaya ta yi saura.

In an warware shi, lambobi bakwai ne aka buga da juna, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Biyun da suka wahalar da masana su ne 641 da na ƙarshen, domin Fermat na Faransa, duk da zurfin iliminsa, ya zaci 4,294,967,297 ba ya rabuwa. A zamanin da Shaihu Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, yake wallafa kan hisabin hatimai, a 1732, wani masani, Euler, ya tabbatar cewa adadin nan na Fermat 641 ne sau 6,700,417.