Ɗaliban Muhalli da Ruwan Agusta a Dandume

Ƙasar Funtuwa na samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. A gona wannan alheri ne, shi ya sa masarar Dandume ta yi suna har manyan motoci ke layin lodi a kasuwarta. A cikin gari kuwa lissafin daban ne. Duk rufin kwano, duk tsakar gidan da aka shafe da siminti, ya rage wa ƙasa wurin shan ruwa. Ruwan da a da yake nutsewa sai ya bi lungu, ya kwashi leda da yashi, ya toshe kwalbati, a watan Agusta ya koma cin gindin katangar ƙasa.

Maganin da hukuma ta saba da shi shi ne kankare. Shirin NEWMAP na Bankin Duniya ya yi manyan magudanan ruwa a Katsina, Funtuwa, Malumfashi da Jibiya, garin da ambaliyar Yulin 2018 ta ci rayuka sama da 40. Aiki ne da ake buƙata, sai dai lambatu ba ya shan ruwa, miƙa shi yake yi ga na gaba. Shi ya sa masana muhalli ke lissafa bishiya, kududdufi, fadama da ciyawar jema a bakin kwazazzabo cikin kayan aikin gari, daidai da gada da kwalbati. Tambayar ita ce: wace bishiya, a ina, guda nawa? Amsar na bukatar awo, kuma awo aikin ɗalibi ne.

A Amurka, ƙungiyar masana muhalli ta ƙasar ta fara wani tsari a 2014 a birnin Sakramento, inda ɗaliban manyan digiri ke zama da masu tsara gari a kan aikin da za a gina da gaske, su shigar da gwaji a cikin zanen tun farko, ta yadda bayan an gama za a iya auna abin da ya yi aiki.

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga amfanin irin wannan. A Yambawa ta Jihar Kano an dasa dogayen layukan bishiyar turare don tare iska da hamada. Kallo ɗaya mutum zai ce an yi nasara. Amma da Lambert Onyewotu, ma'aikacin tashar binciken shingen bishiyoyi ta Kano, ya shiga wurin da na'urori a shekarun 1990 lokacin da yake karatun digirin digirgir tare da Farfesa Kees Stigter na Jami'ar Wageningen, sai ga wani labarin. Tazarar da ke tsakanin layukan ta yi yawa, don haka tsakiyar gona ba ta samun kariya daga iska mai zafi. A kusa da bishiyoyin kuma saiwoyin turare na kwashe danshin da gero ke bukata. Da aka haƙa rami a gefen layin aka datse saiwoyin, geron kusa da shingen ya farfaɗo. Manomi ya daɗe da ganin geronsa na ƙanjamewa a wurin, amma sai da ɗalibi ya sa abin cikin lamba kafin ya zama hujjar da ofis zai saurara.

A Kwarin Majiya na Jihar Tawa a Nijar kuwa, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dalbejiya a 1975, awon da aka yi ya nuna gero ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. Dabara ɗaya, sakamako biyu, kuma bambancin yana cikin irin itacen da tazarar da aka bari.

Dandume ba ta rasa maƙwabta masu ilimin. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suna nan kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na sashen labarin ƙasa, gandun daji da kimiyyar ƙasa suna neman abin da za su yi bincike a kai, kuma da yawan kundayen a kan kanta suke ƙarewa suna shan ƙura.

Alhali aikin da ƙaramar hukuma ke bukata ba gagara-badau ba ne. Ɗalibi mai waya zai iya bin gari bayan an ɗauke ruwa, ya sa wa duk inda ruwa ya kwanta alama a taswira. Zai iya kafa bututun ƙarfe a ƙasa, ya cika shi da ruwa, ya duba agogo ya ga minti nawa yake ɗauka kafin ya nutse a filin makaranta, nawa a tashar mota da tayoyi suka daddanne. Da ma'aunin zafi zai kwatanta ƙarƙashin maɗaci da rumfar kwano da azahar ɗin Afrilu. Hotunan tauraron ɗan'adam na kyauta za su nuna masa kududdufi nawa aka cike aka yanka filaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Ɗalibi shekara guda gare shi, dashe kuwa sai ya tsallake rani biyu ko uku, da bakin akuya, kafin a ce ya kama. Bikin dashen itatuwa yakan ƙirga abin da aka binne ranar, ba abin da ya rayu zuwa bazara ba. Gyaran shi ne malami ya riƙe wuri ɗaya, ɗaliban bana su miƙa wa na baɗi littafin awo, mai unguwa da ƙungiyar matasa su ɗauki nauyin ban ruwa da shinge. Kuɗin mota da na kayan awo kuma akwai inda za a nema: shirin ACReSAL, da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021, ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja, Katsina na ciki.